Allon da Muka Kafa a Bakin Ƙofar Banki

A ranar 26 ga Oktoba, 2022, da Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ina riƙe da muƙamin shugaban sashen gudanarwa a wani reshen banki da ke wani gari mai babbar kasuwar hatsi da dabbobi a jihar Jigawa. Mai wannan muƙami shi ke kula da duk abin da ya shafi tsabar kuɗi, tun daga kashiyoyin da ke kanta da na'urorin ATM har zuwa ɗakin ajiyar kuɗi, wanda ba ya buɗuwa sai mutum biyu sun haɗu, kowa da nasa mukullin. Mu goma sha tara ne a reshen idan aka haɗa da masu gadi da mai shara, kuma fiye da rabinmu 'yan kwantiragi ne, wato suna sanye da kayan banki, suna aikin banki, amma wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya kawo su, albashinsu kuwa bai kai rabin na cikakken ma'aikaci ba. A lokacin da komai yake tafiya daidai ba wanda yake tayar da maganar wannan bambanci. Sai da wahala ta zo na ga girmansa.

A jawabinsa na wannan rana, gwamnan Babban Bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasar, tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a, ba a bankuna ba. Mu dai ba mu yi mamakin wannan adadi ba, domin mun san manomin da ya kawo riɗi ko wake kasuwa ba ya karɓar komai sai kuɗi a hannu, haka ma Bafulatanin da ya sayar da bijimi. Don haka muka ɗauka cewa aikin da ke gabanmu na karɓar kuɗi ne kawai, muka kuma shirya masa daidai gwargwado. Muka nemi ƙarin injinan ƙirga, muka tsara wanda zai zo Asabar da wanda zai zo Lahadi, tunda an umarci rassa su riƙa buɗewa har a ƙarshen mako.

Sababbin takardun sun fara fita ranar 15 ga Disamba, amma cunkoson gaske bai soma ba sai da aka shiga rabin ƙarshe na Janairu, wa'adin 31 ga wata na daina amfani da tsofaffin takardun ya ƙarato. Mutane suka riƙa zuwa da kuɗi a buhunan taki da cikin kwalaye, wasu an tono su daga ƙasa, wasu daga rumbu, sun yi laima sun manne da juna, warinsu yana hawa kai. Injin ƙirga ba ya iya cin irin wannan kuɗi, da an ɗora rafa ɗaya sai ya shaƙe, dole a koma ƙirga da hannu, ana ɓanɓare takarda ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuma ƙa'idar aikin kanta ita ce, idan aka tashi da yamma aka tarar lissafin kashiya bai yi daidai da kuɗin da ke akwatinsa ba, to giɓin a wuyansa yake, daga albashinsa za a cire. Mutumin da ya yi awa goma sha biyu yana ƙirga ruɓaɓɓun takardu, ga hayaniya a kansa, ga ƙurar hunturu a idonsa, ba makawa zai yi kuskure. A waɗannan makonni ba mu cika barin ofis kafin ƙarfe goma na dare ba. Duk da haka ban ji wani ya yi ƙorafi mai yawa ba, saboda kowa yana hango ƙarshen abin, kuma gajiyar da aka san ranar ƙarewarta tana da sauƙin ɗauka.

Ranar Lahadi, 29 ga Janairu, bayan ganawar gwamnan Babban Bankin da Shugaba Muhammadu Buhari a Daura, aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Daga nan kiɗan ya sauya gaba ɗaya. Jama'a sun riga sun kawo tsofaffin kuɗinsu, sababbin kuma ba su wadata ba, sai ya zama mutumin da ya zuba miliyoyi a asusunsa a makon jiya ba shi da abin sayen cefane a yau. Da farko an ce a zuba sababbin takardun a na'urorin ATM kaɗai, daga baya a farkon Fabrairu aka ba da izinin biya a kanta, amma kada ya wuce naira 20,000 ga mutum ɗaya a rana. Wannan iyaka ce a kan takarda, domin abin da motar kuɗi take kawo mana, a ranar da ta zo ke nan, ba ya isa a ba kowa ko da rabin hakan. Kafin a kira sallar asuba an riga an kafa layi a ƙofarmu, da duwatsu da takalma da galan-galan da aka jera a madadin masu su, kuma kafin hantsi titin ya cika har ya toshe. Labaran da ke zuwa daga kudu ba su ƙara mana natsuwa ba, domin an far wa bankuna a Ibadan, daga baya kuma a Benin da Warri da Sagamu, kowa a cikinmu ya ga bidiyon ma'aikatan banki suna haura katanga don su tsira. A ɗaya ɓangaren kuma jami'an hukumomin yaƙi da cin hanci, EFCC da ICPC, suna zagaya rassa suna duba ɗakunan ajiya, har an kama wasu ma'aikata bisa zargin ɓoye sababbin kuɗi. Mai irin muƙamina shi ne na farko da za a tambaya.

Ya zama dole in faɗi yadda ni kaina na kasance a makon farko, domin rabin abin da ya lalace a reshen daga wurina ya faro. Na ɗauka cewa hanyar kare ma'aikata da kare banki ita ce in riƙe komai a cikina. Adadin kuɗin da aka kawo, ni da manaja da mai riƙe ɗaya mukullin kaɗai muka sani. Sai in ba kowane kashiya 'yan rafofi in ce ya fara biya, ba tare da na gaya masa ko akwai ƙari a baya ba, shi kuma ya yi ta biya har kuɗin su yanke masa a gaban mutumin da ya kwana a layi. Takardun umarni suna zuwa daga hedikwata, wata tana warware wata, wani lokaci sau biyu a yini, ni kuma sai in leƙo daga ofis in jefa sabon umarni in koma, ba bayani. Na zama mai tsawa, abin da ba halina ba. Barci ya ƙaurace mini, ciwon kai ya zauna daram a ƙeyata, kuma ko masallacin unguwa na fara sauyawa, saboda da an sallame sallah sai in ga mutum uku ko huɗu suna jirana da katin ATM a hannu, kowa da uzurinsa na gaskiya: wannan matarsa tana asibiti, wancan suna gare shi jibi. Da na je wani kyamis aka auna jinina, sai mai awon ya sake aunawa, sannan ya tambaye ni ko ni na tuƙo kaina.

Rikicin da ya tilasta mini sauya hanya ya faru ne wata ranar Talata da misalin ƙarfe sha ɗaya. Muna da wata kashiya 'yar kwantiragi, mai hannu da sauri ƙwarai, wadda a shekara uku da muka yi tare ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Muna kuma da wani jami'in sashen kasuwanci, cikakken ma'aikaci, wanda aikinsa shi ne nemo manyan 'yan kasuwa su buɗe asusu da kuma riƙe su kada su tafi. Ya zagayo ta bayan kanta da takardar cire kuɗi ta wani babban dillalin hatsi, ya ajiye mata, ya ce ta ware naira 200,000 kafin kuɗin su ƙare. Wata dattijuwa da ke gaban kanta ta ga abin da ya faru, ta juya ta gaya wa na bayanta, cikin ɗan lokaci zauren ya kaure da cewa ga shi nan ana sayar wa masu kuɗi ta bayan fage. Kashiyar ta tura masa takardarsa, ta ce: "Yallaɓai, ba zan biya ba. Idan kana so, zo ka zauna a nan ka biya da hannunka, su ga fuskarka." Shi kuma ya ce mata, a gaban abokan aiki da kwastomomi, ta tuna matsayinta, takarda ɗaya zai rubuta a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Ta rufe akwatinta, ta miƙo mini mukulli, ta shige banɗaki ta kulle.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa yake yi a irin wannan hali. Da aka tashi na kira su biyu, na ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kowa ya yi haƙuri, a yafi juna. Suka ce sun yafe, ba wanda ya kalli wani. Kashegari ba ta zo aiki ba, sauran kashiyoyi uku kuma suka daina gaisawa da 'yan sashen kasuwanci. A nan na gane cewa "a yi haƙuri" da na ce ba sulhu ba ne, rufe tukunya kawai na yi alhali wutar tana nan a ƙarƙashi. Haƙuri abu ne mai daraja a wurinmu, amma na lura a wurin aiki yawanci na ƙasa ake ɗora wa shi, na sama kuma ya wuce da abinsa.

Da daddare na ɗauki matata muka je gidansu kashiyar, muka gaisa da mahaifiyarta, sannan na nemi ta gaya mini abin da ke damunta, na kuma yi alkawarin ba zan katse ta ba. Maganar jami'in kasuwanci ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da ta faɗa. A watan Janairu ta yi giɓin naira 42,000 a ƙirgar ruɓaɓɓun kuɗi, an kuma sanar da ita za a cire a albashinta, wanda gaba ɗayansa bai ninka wannan adadi ba. Kwana huɗu a jere ba ta yi sallar azahar ba sai bayan la'asar. An tofa mata yawu ta ramin gilashin kanta. Abin da ya fi ci mata rai kuwa shi ne, duk sanda kwastoma ya tambaye ta ko kuɗin za su kai kansa, ba ta da amsa, sai ta ce masa in sha Allahu, alhali ba ta sani ba, daga baya kuma ya kira ta maƙaryaciya. Ta ce: "Ranka ya daɗe, ku kuna ciki kun san gaskiya, mu muna waje muna shan zagi a kan abin da ba a gaya mana ba." Ban sami abin cewa ba, saboda ni ne mai ɓoyewar.

Da safe kafin a buɗe na zauna da jami'in kasuwancin a cikin motarsa. Na zo da shirin yi masa faɗa, sai na tarar shi ma a matse yake. Hedikwata ba ta sassauta masa adadin kuɗin ajiyar da aka ɗora masa ya kawo ba, dillalin kuwa shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake riƙe da shi, kuma mutumin yana da motoci a ƙauye da lebura da manoma suna jiran biya, ba mai asusun banki a cikinsu. Dillalin ya kira shi sau goma sha ɗaya a daren da ya gabata, yana barazanar kwashe kuɗinsa zuwa wani banki. Na ce masa na fahimci wannan duka, amma abu biyu ba za su yiwu ba: biyan da ya wuce iyakar da aka sa, wanda zai iya kai mu duka hannun hukuma, da kuma gori da matsayi a gaban jama'a. Na farkon ya yarda da shi nan take. Na biyun sai da ya ɗauki kwana biyu kafin ya je ya ba ta haƙuri, a gaban waɗanda ya yi mata gorin a gabansu, domin na dage cewa inda aka zubar da mutunci a nan ake kwashe shi.

Na sami manaja na roƙe shi ya bar ni in tara kowa da kowa da yamma, har da masu gadi da mai shara da direba, waɗanda ba a saba kiransu taro ba. Ya yi jinkiri, yana ganin ba lokacin taro ba ne, amma ya amince. Na fara da faɗin adadin kuɗin da aka kawo mana a ranar, da wanda ya rage a ɗakin ajiya, da cewa ban san ko mota za ta zo gobe ba. Na ga yadda fuskoki suka sauya, domin ashe wasu daga cikinsu sun daɗe suna zargin cewa akwai kuɗi jibge a ciki muna ɓoye wa manya. Sannan na ce ni dabarata ta ƙare, duk mai shawara ya kawo. An yi shiru mai tsawo. Wanda ya fara magana shi ne babban mai gadinmu, dattijo, tsohon soja, wanda kowa yake kira Baba. Ya ce: "Yallaɓai, ni nake tsaye da mutanen nan tun asuba. Ba rashin kuɗin ne yake haukata su ba, zaman banza ne. Mutum ya bar shagonsa, ya wuni a rana, sai la'asar a ce masa babu. Ku gaya mini mutum nawa kuɗin za su isa, in ƙirga su in ba su lamba, sauran in ce su tafi neman abincinsu." Ya ƙara da cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, don haka tunda mu ne marataya, gara mu rataya a fili kowa yana gani.

Shawarar tana da sauƙi har na ji kunyar cewa ban yi tunaninta ba, amma tana da haɗari, kuma manaja ya faɗe shi: sanar da adadin kuɗin da ke cikin banki a bainar jama'a gayyatar 'yan fashi ne. Kashiyar nan ce ta warware wannan, ta ce ba sai an rubuta jimillar kuɗi ba, a rubuta yawan mutanen da za a biya da abin da kowa zai samu. Direba ya ce akwai tsohon allo a makarantar Islamiyyar da ke bayanmu, zai aro. Mai shara, wadda ban taɓa jin ra'ayinta a kan komai ba, ta ce mata masu goyo da tsofaffi ba sa iya kokawar layi, a ware musu kashi ɗaya cikin huɗu na lambobin. Wani matashi mai yi wa ƙasa hidima da aka turo mana ya ce da yawa daga cikin masu layin ba tsabar kuɗi suke buƙata ba, biyan wani za su yi, kuma ƙaramar waya ma tana iya tura kuɗi ta lambobin USSD, waɗanda ake dannawa ba tare da intanet ba, a ba shi tebur a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ya riƙa koya musu. A cikin awa ɗaya mutanen da na ɗauka sun gaji har ba sa iya tunani sun tsara abin da ni da manaja muka kasa tsarawa a mako guda.

Kashegari da ƙarfe bakwai da rabi muka tsaya a zaure na minti goma, na karanta sabon umarnin da ya zo da daddare, na bayyana abin da na fahimta da abin da ban fahimta ba, sannan muka yi lissafi tare. Naira miliyan biyu ke hannu, muka yanke a ba kowa 10,000, mutum 200 ke nan. Baba ya fita ya rubuta da alli, da Hausa, da boko da ajami, ya kafa allon a bakin ƙofa. An yi ihu, an yi zagi, wasu sun ƙi tafiya, amma kafin ƙarfe tara fiye da rabin taron ya watse, kuma waɗanda suka rage sun san za su samu, don haka suka zauna a inuwa suna jiran a kira lamba. Wannan tsayuwar safe ta zama ƙa'ida. Muka haɗa da wasu abubuwa: ba wanda zai yi fiye da awa biyu a jere a kanta, ni da manaja da 'yan sashen kasuwanci muka shiga jerin masu karɓar tagar da ake amsa koke-koke, ana rufe kanta ɗaya-ɗaya don sallah da cin abinci ko da layi ya kai ina, kuma ba ma'aikacin da zai karɓar wa wani kuɗi, ko wane ne shi. Kason ma'aikata na kansu, tunda mu ma muna cefane, ana rubuta shi a littafi a buɗe, na mai shara daidai da na manaja. Game da giɓin Janairu, na rubuta wa hedikwata doguwar takarda ina neman a yafe wa kashiyoyi, aka amsa da cewa za a raba cirewar zuwa wata shida kawai, sai mu cikakkun ma'aikata muka yi karo-karo muka cike rabi.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. A rana ta uku muka gano cewa wasu samari suna kwana a ƙofa su karɓi lamba, da safe su sayar, wasu kuma suna yi wa masu POS aiki, waɗanda a lokacin suke cajin abin da suka ga dama. Muka koma rubuta lambobi huɗu na ƙarshen asusun mutum a bayan katin lambar layi, muna kuma sauya launin katin kullum, abin ya ragu amma bai ƙare ba. Teburin darbejiya ya yi amfani a ranakun da sabis yake da kyau, a ranakun da ba shi da kyau kuwa ya jawo mana sabon nau'in koke, na kuɗin da aka cire daga asusu ba su isa inda aka tura ba. Dillalin hatsin ya cika alkawarinsa ya kwashe kuɗinsa, jami'in kasuwancin ya sha tambayoyi daga sama, kuma har yau ban tabbata na tsaya masa yadda ya kamata ba. Wani kashiya ya ajiye aiki a tsakiyar watan, ya ce gara ya koma shagon yayansa. Ƙa'idar hana karɓar wa wani kuwa a kaina ta fara aiki: kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi tafiyar awa biyu ya zo, na fita na durƙusa na gaishe shi, na ce masa lambobin yau sun ƙare. Ya dube ni ya ce: "To, ɗan nan, Allah ya yi albarka," ya juya. Na ba shi abin da ke aljihuna daga kasona, ya ƙi karɓa. Sai bayan ƙaramar sallah, da mahaifiyata ta sa baki, ya sake ɗaukar wayata. Amma ma'aikatan duka sun ga abin ta taga, kuma daga ranar ban sake jin an zagayo ta bayan kanta da takarda ba.

Makon da ya fi kowanne rikitarwa shi ne na tsakiyar Fabrairu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai gwamnatin tarayya ƙara, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin wucin gadi ranar 8 ga wata na dakatar da wa'adin, amma bayan ranar 10 bankuna suka daina karɓar tsofaffin takardu. Ranar 16 Shugaban Ƙasa ya yi jawabi ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki har zuwa 10 ga Afrilu, gwamnonin Kaduna da Kano kuma suna ce wa jama'arsu su ci gaba da karɓar duka. Kwastoma zai zo da hukuncin kotu a bakinsa, wani da maganar gwamna, mu kuma da takardar hedikwata a hannu. A tsayuwar safe na riƙa cewa ƙarara: ga abin da aka umarce mu, ban san ko zai kai gobe ba, duk wanda aka matsa masa ya turo mini. Na lura cewa kalmar "ban sani ba" daga bakin shugaba, wadda na ɗauka za ta karya musu gwiwa, ita ce ta sa suka daina jin cewa ana wasa da hankalinsu. Ni ma a wannan makon ne na fara shan maganin hawan jini, na kuma koma kashe waya daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba, bayan na gaya wa manaja cewa idan banki ya kama da wuta ya aiko direba.

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu cikin wannan hali. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, 2023, amma 'yan kasuwa suka ƙi karɓa sai da Babban Bankin ya fito ranar 13 ga Maris ya ce a bi hukuncin. Bayan 'yan kwanaki motar kuɗi ta zo mana cike, muka buɗe akwatunan, sai ga tsofaffin 'yan dubu-dubu da 'yan ɗari biyar-biyar, irin waɗanda muka kwana muna ƙirgawa a Janairu, wasu har da sauran warin rumbu. Kashiyar nan ta ɗaga wata rafa ta shinshina, ta ce ta rantse ta san wannan, ita ce ta ci mata albashi. Dariyar da aka yi a ɗakin ajiya a ranar ita ce ta farko da na ji a reshen tun shigowar shekara.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, layin ya riƙa raguwa har ya koma yadda aka saba. Na rubuta takardar neman a mayar da kashiyar cikakkiyar ma'aikaciya, jami'in kasuwancin ne ya fara sa hannu a matsayin mai goyon baya, amsar kuma ba ta zo ba sai bayan wata goma sha ɗaya. Tsayuwar safe ba mu daina ba, ko da yake yanzu ba ta wuce minti biyar, kuma Baba yana halarta, yana tsaye daga bakin ƙofa da hularsa a hannu. Allon kuwa, direba ya mayar wa malamin Islamiyyar a makon farko na azumi, tare da kwalin alli biyu da kwalin dabino da muka haɗa kuɗi muka saya, a tsofaffin takardu.